Gaisuwar Suruki a Bakin Layin Dogo

Tun ranar da aka ratsa gonar Baba da layin dogo na san sai an yi rigima, amma ko a mafarki ban kawo cewa da Kalilu za a yi ta ba. Kalilu mijin ƙanwata Raihana ne, direban tirela, irin mutanen nan da in ka taka su ma su za su ba ka haƙuri. Ni kuwa Nagoggo ne, babban ɗan Malam Sha'aban. Fataucin wake da riɗi nake yi daga kasuwar ƙauyenmu a ƙasar Sandamu.

Sai ka san yadda wurin yake kafin ka gane zancen. Hanya ɗaya ce ke fita daga kasuwarmu zuwa kwalta, ta jar ƙasa, kuma ita sabon layin ya gitta. Masu aikin sun yi ciko sun ɗaga ta, ta yi tozo a kan ƙarafan, hagu rami dama rami. Ba shinge, ba mai tuta, sai wani allo da awaki ke sosa jiki da shi. Jirgin fasinja bai fara ba tukuna. Na masu aiki ne kawai ke wucewa da tsakuwa, shi ma ba shi da rana ba shi da lokaci, sai a kwana biyu ba a ji ɗuriyarsa ba. Da ka gangaro daga tozon nan, ga tsamiyar Baba a hannun dama. Tsakaninta da layin bai kai tsawon tirela ba.

A gindin tsamiyar nan Baba ke zama duk ranar kasuwa bayan la'asar, shi da tsofaffin abokansa, daidai lokacin da motoci ke fitowa da kaya. Tun kafin a san za a yi wani jirgi, duk direban da ya fito daga garinmu nan yake tsayawa. Ya sauka, ya durƙusa, ya gaishe su, Baba ya yi masa addu'ar hanya, sannan ya wuce. Da layi ya zo ba abin da ya sauya. Direbobi suka ci gaba da tsayawa, kan mota a inuwar tsamiya, gindinta a kan ƙarfen jirgi, ana ta ina gajiya ina iyali. Ni kaina na sha zama a cikin mota a haka ina ɓare gyaɗa, ko a jikina.

Kalilu ya yi shekaru yana jigila tsakanin Kaduna da Kudu, bai dawo layin gida ba sai da Raihana ta haihu. Tana gidanmu wankan jego, arba'in ta kusa, lokacin da na yi masa lodin farko daga kasuwarmu.

Muka taso bayan la'asar, mota ta ɗauki kaya har wuya. Da muka doshi tozon sai Kalilu ya taka birki, ya tsaya cak da 'yar tazara. Ya kashe rediyo ana tsakiyar waƙa, ya sauke gilashinsa, ya ce in sauke nawa.

Na ce, "Lafiya dai?"

Ya ce, "Saurare nake, Yaya."

"Me za ka ji a nan ban da kukan kurciya?"

Ya dubi dama, ya dubi hagu, ya sake duban dama, sannan ya miƙa wuya ya tabbata ba wani amalanke da ya tare gaba. Ya sa giya ɗaya, ya ɗauke hannu daga kanta, muka hau a hankali, bodi na ƙara.

Ina hango Baba ya miƙe. Baba fa ba ya miƙe wa kowa, amma ranar ga sabon jika a gida, ga suruki da babbar mota, yana so abokansa su gani. Ya kakkaɓe rigarsa, ya tako bakin hanya, ya ɗaga hannu. Kalilu ya sunkuyar da kai har ya kusa taɓa sitiyari, ya dunƙule hannu ɗaya ya ɗaga, mota kuwa ba ta tsaya ba.

Na ce, "Kai, Baba ne fa."

"Na gan shi, Yaya."

"To tsaya mana."

"Rabin motata na kan layi."

Ko da muka sauka gaba ɗaya ba wurin tsayawa, hanyar ta tsuke, ga ramuka cike da ruwan damina, ga motoci biyu a bayanmu suna hawowa tozon. In ya tsaya, su ne za su maƙale a kan layin. Na leƙa madubi na ga Baba tsaye, hannunsa bai sauka ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, har muka wuce Kazaure ban yi wa Kalilu magana ba.

Da muka dawo daga Kudu bai ko je ɗakinsa ba, ya biyo ni gida. Muka tarar da Baba a zaure kan buzunsa. Kalilu ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa a bakin ƙofa ya yi gaisuwa. Baba ya amsa sallama saboda ita dole ce, daga nan ya juyo gare ni. Dama can ba ya duban Kalilu ido da ido, kunyar surukuta, amma ranar sai ya mai da ni masinja, alhali mutumin na durƙushe a gabansa.

Ya ce, "Nagoggo, tambaye shi, kututture ya gani a bakin hanya?"

Kalilu ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba. Ban isa ba. Wurin ne ba na tsayawa ba."

"Gaya masa Auta direba yana tsayawa, Zailani ma yana tsayawa. Motocinsu ba su fi tasa gajarta ba."

"Haka ne, Baba. Allah ne ke tsarewa. Amma ni na taɓa ganin abin da jirgi ya yi wa tirela a hanyar Kudu, na taimaka wajen kwashe mutanen. Shi ma mai motar sauka ya yi sayen ruwa. Jirgi ba shi da sitiyari, Baba, ba ya kaucewa. Ko direbansa ya gan ka ya taka birki, sai ya wuce kanka da nisa kafin ya tsaya."

Baba ya yi tsaki. Ya ce jirgin da sai an yi cigiyarsa ne za a tsorata shi da shi? Sannan ya yanke hukunci, ta bakina. A gaban mutane aka wuce shi, a gaban mutanen nan za a gyara. Ranar kasuwa Kalilu zai fito da mota ta inda ya fito, ya tsaya a gindin tsamiya kamar kowane ɗa, ya sauka ya gaishe shi. In bai yi haka ba, Raihana da jaririnta suna nan gidan Baba, ko arba'in ɗin ta zama shekara.

Na dubi Kalilu. Na ɗauka zai ce to, kamar yadda ya saba cewa a komai. Sai na ji ya ce, "Baba, ka ce in tako daga Daura ba takalmi, zan yi. Amma ba zan tsayar da mota a kan layin nan ba. Kuma ba zan yi maka alkawarin da na san ba zan cika ba."

Baba ya ɗauki carbinsa ya shige cikin gida. Ni kuwa na rasa wanda zan fara mari a cikinsu.

Kasuwa ta zagayo. Kalilu ya ajiye mota can baya kafin layin, ya tsallako da ƙafa, ya durƙusa a gaban tsofaffin. Kowa ya amsa ban da Baba, wanda ya dubi reshen tsamiya ya ce, "Nagoggo, gaya masa da ƙafa ko mai tallar goro yana zuwa. A mota ya wuce ni, a mota zai tsaya." Kalilu ya ce to bari ya tsaya da safe in zai shigo, tunda ta wannan gefen tsamiya ake fara tararwa kafin layi. Baba ya ce da safe wa zai gaisar, tsuntsaye? Kalilu ya koma ya ɗauko motarsa, ya yi sauraren nan nasa, ya sake wuce mu. Bayansa Auta ya zo ya tsaya kamar kullum, gindin motarsa shame-shame a kan ƙarafa, ya sha addu'a har da ƙari.

Arba'in ta zo ta wuce. Aka yi wa Raihana kitso da lalle, aka haɗa gara, ba a kai ta ko'ina ba. Liman ya sa baki, Baba ya ce ya ji, bai kuwa sauya ba. Auta, da shegen bakinsa, ya ba Kalilu shawara ya kai maganar gaban alƙali, tunda shari'a ba ta yarda uba ya riƙe matar aure ba dalili ba. Kalilu ya ce shi da kai ƙarar mahaifin matarsa, sai dai in hauka yake. Sauran direbobi kuwa suka sa masa suna Mai Jiran Jirgi. In ya shigo tasha sai wani ya kara hannu a kunne ya ce a yi shiru, ana saurare. Yakan yi murmushi kawai, amma ni da nake zama kusa da shi a mota na ga yadda ya rame. Ɗansa na fari, sai dai in ɗauko masa shi zuwa ƙofar gida ya riƙe na ɗan lokaci in mayar.

Tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma bai sake ni ba. Wata rana na ce masa, "Haba Kalilu, sau ɗaya ne fa. Ni zan hau tozon in tsaya ina duba maka hanya. Ka sauka, ka ce ina wuni, ka hau. Shi ke nan ka ɗauki matarka."

Ya ce, "In mota ta mutu a wurin fa, Yaya? Ka san batir ɗina. Kuma in na yi sau ɗaya, mako mai zuwa da wane baki zan wuce shi?"

Na ce da shi mai taurin kan tsiya, na tafi wajen Raihana ko ita za ta tanƙwara shi. Na same ta a ɗakin Inna tana shayar da yaro. Na zayyana mata komai, na ce ta aika masa ya sauko.

Ta ce, "Yaya, wallahi na gaji da zaman nan, ɗakina nake so. Amma ka ce masa kada ya tsaya. Gara in jira shi a gidan Baba da in yi masa takaba a gidan Baba."

Na fito ina cewa a raina lallai an haɗa jinin taurin kai, Allah ya jiƙan wanda zai yi rigima da yaron nan in ya girma. Na kai wa Kalilu saƙon yadda ta faɗa. Ya goge ido da hularsa, ya tambaye ni ko zan iya samo masa katakai masu kauri guda biyu kafin ranar kasuwa.

Ranar muka yi lodi kamar kullum, wake da riɗi har sama. Muka bari sauran motoci suka wuce, mu ne na ƙarshe. Kafin mu kai tozon akwai wani fili mai tauri inda masu aikin layi suka taɓa jibge tsakuwa. Nan Kalilu ya saki hanya, ya daidaita mota, ya ja birki.

Ya ce, "Yaya, yau kai ne karen mota. Sauko da katakan."

Sai a lokacin na gane abin da yake nufi. Na ce, "Kwance ta za ka yi? Da kaya a kai?"

"Baba ya ce a mota. Bai ce da bodi ba."

Wanda bai taɓa raba kan tirela da bodinta tana ɗauke da kaya ba, bai san wahala ba. Muka tokare tayoyin baya da duwatsu. Muka shimfiɗa katakai a ƙarƙashin ƙafafun bodin don kada su nutse. Na kama hannun juya ƙafafun ina murɗawa, ga tsatsa ga rana, gumi har cikin ido, ni da nake da yara masu ɗaukar mini buhu. Ina yi ina zagin layin dogo da wanda ya kawo shi. Kalilu ya cire tiyon iska da wayar wuta, ya shiga ƙarƙashi ya ja ƙarfen da ke kulle kan da bodi. Ƙarfen ya ƙi fita. Ya hau ya ɗan motsa motar baya, ya sauko ya sake ja, har tafin hannunsa ya yage. A karo na uku ƙarfen ya saki. Da ya ja kan gaba, bodin ya yi wata ƙara ya zauna a kan katakan, ɗaya ya tsage amma ya riƙe. Dukiyata ce fa a sama.

Kafin mu gama, 'yan kasuwa masu komawa gida sun taru a kan tozon suna kallo. Kalilu ya wanke hannu da ruwan jarka, ya ɗaure ciwon da tsumma, ya sa rigarsa mai tsabta. Muka hau kan motar, guntu da shi kamar ɗan tsako ba jela. Duk da haka sai da ya tsaya kafin layin, ya saurara, ya duba dama da hagu, mutane na dariya. Muka haye. Ya tsaya daidai gindin tsamiya, ya leƙa madubi ya ga tayarsa ta baya ta bar ƙarfe da nisa, sannan ya kashe mota.

Ya sauka ya cire takalmi ya durƙusa. "Barka da yamma, Baba. An wuni lafiya?"

Tsofaffin nan suka dubi motar, suka dubi Baba. Ɗaya daga cikinsu ya toshe baki da rawani, kafaɗunsa na rawa. Baba ya sha mur, ya daɗe yana kallon tsumman da ke hannun Kalilu, jini ya fara ɓullowa ta ciki.

Can ya ce, "Lafiya lau. Ya hanya?"

"Alhamdu lillahi, Baba."

Na yi ajiyar zuciya, na ce to an gama. Ashe Kalilu bai gama ba. Yana durƙushe, kansa a ƙasa, ya ce, "Baba, ina neman afuwa, akwai saura. Yanzu zan koma in ɗauko bodin, kuma zan zo in wuce ka, ba zan tsaya ba. Duk ranar da na biyo nan haka zan yi. In kwance, in zo in gaishe ka, in koma in ɗaura, in wuce. Na faɗa ne don kada ka ga kamar na yi maka wayo."

Na ji kamar in rufe shi da duka. Mutum ya samu ƙofa ta buɗe, ya tsaya yana jijjiga ta. Baba ko addu'ar hanya bai yi ba. Kalilu ya tashi, ya juya kan motar da ƙyar a ɗan filin gindin tsamiya, ya sake hayewa. Ni na zauna a gefen tabarma, wasu 'yan kasuwa suka taya shi ɗaurawa.

Rana ta yi sanyi. Muna jin ƙarar ƙarfe daga can, sannan muka ji injin ya ɗauka. Motar ta doso, ta tsaya inda ta saba tsayawa, shiru na ɗan lokaci, sannan ta fara hawowa. Kan motar ya haye, ya gangaro. Tayoyin baya suka zo hawa tozon, inda motocin da suka riga mu suka kwakule ƙasa, sai nauyi ya riƙe ta. Injin ya yi nishi, tafiyar ta ragu, ta ragu, har ta zama kamar ta mai jan ƙafa, daidai lokacin da kan motar ya iso gabanmu. Ina ganin Kalilu ta taga, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, bai taɓa giya ba, bai dube mu ba. Wani tsoho ya ce, "Ga shi nan zai tsaya."

Ban ga lokacin da Baba ya miƙe ba. Sai ganinsa na yi a bakin hanya ba takalmi, yana kaɗa sandarsa gaba, idonsa a kan buhunan da ke saman layin.

"Wuce, Kalilu! Kada ka tsaya, wuce!"

Tunda aka ɗaura auren nan ban taɓa jin ya kira sunansa ba. Motar ta yunƙura, tayoyin suka kama, bodin ya sauko daga kan ƙarafan taya bayan taya. Baba bai sauke sandar ba sai da ta ƙarshe ta taka jar ƙasa. Ya tsaya yana haki, yana kallon bayan motar har ta yi nisa, ta tafi ta bar ni, ni mai kayan.

Ya dawo ya zauna, ya laluba takalmansa, bai yarda ya haɗa ido da kowa ba. Ya yi addu'ar hanya ƙasa-ƙasa, muka shafa. Sannan ya juyo gare ni da faɗa, kamar ni na yi masa laifi.

"Kai kuma zaman me kake yi a nan? Tashi ka je ka ce wa uwarku ta fito da kayan yarinyar nan. Ranar da ya dawo, a ɗakinta zai same ta."